Kunkunniya ce matsalar, ba wutar ba

Jama'a ku ɗan ba ni aron hankalinku, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina game da iskar haidurojin. Ana ta surutun motoci masu amfani da ita, amma ni takin zamani nake tunawa, don buhun yuriya ɗin da manomi ke saya, da haidurojin ake haɗa shi, ita kuma daga iskar gas ake ciro ta, wato metan. Kamfanin takin Dangote a Lekki da na Indorama a Eleme duk a kan gas suke tafiya.

Yadda ake yi yanzu, a haɗa metan da tururi a dafa a zafin digiri 700 zuwa 1000, a sa nikel ya zama katalis. Katalis kamar kanwa ce a tukunyar wake, tana sa abu ya nuna da wuri ba sai an ƙona itace da yawa ba, bambancin kawai shi ba ya narkewa ya ƙare. To amma duk kilo 1 na haidurojin sai an saki kusan kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon mai ɗumama duniya, idan aka haɗa da wadda ke fita daga gas ɗin da aka ƙona don hura wutar.

Akwai wata hanya da ni dai ita ta kwanta min, a fasa metan ɗin ba tururi, tunda shi kabon ne da haidurojin a haɗe, haidurojin ta tashi, kabon ya zauna a ƙasa gari kamar gawayi. Nikel na iya wannan aikin tun a wajen digiri 500 zuwa 700, sai dai fa kabon ɗin nan yakan lulluɓe shi kamar yadda kunkunniya ke rufe gindin tukunya, kafin ka ankara ya daina aiki, sai an tsaya an wanke ko an canza, kuma kowace tsayawa asara ce.

Shi ya sa aikin da masu bincike a Berkeley ta Amurka suka fitar a 2023 ya burge ni wallahi, narkakken ƙarfe suka yi na nikel da molibdenum da bismut, gas ya bi ta cikinsa yana ɓulɓula, kabon ya taso sama ya yi ta yawo maimakon ya manne, kuma ya yi aiki daga digiri 450 zuwa 800, ya jure awa 120.

Awa 120 kwana biyar ne fa, masana'anta kuwa shekaru take so. Sannan kowane kilo 1 na haidurojin yana zuwa da kilo 3 na garin kabon, masu yin taya da batir ba za su iya shanye shi duka ba. Duk da haka ina so in ga ɗalibanmu na kemistri a Zariya da Kano sun sa hannu a wannan bincike, tunda gas ɗin da muke ƙonawa a banza a Neja Delta yawancinsa metan ne, kuma bututun gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, shi zai kawo mana har Kano.