Sun sayar mini da sitikar ƙofa, ba su faɗa mini inda mai mashin zai manna ta ba

Yau kwana 19 ke nan ana wulaƙanta ni a bakin ƙofa ɗaya, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da kuɗina na biya.

Sana'ata kai kaya. Bayan asuba nake fitowa daga Rigasa, a nan Kaduna, a kan Boxer ɗina, in bi ta Bakin Ruwa, in shiga wata babbar haraba inda 'yan kasuwa ke sauke kaya, in ɗauki na masu shaguna in kai musu Kawo, Tudun Wada, Unguwar Rimi, wani lokaci har Kakuri. A rana nakan shiga ƙofar nan sau shida ko bakwai. Da can naira 100 kake miƙa wa Baba maigadi, ya yago maka tikiti, ya ɗaga sanda, ku gaisa ka wuce. Sai watan jiya aka ce an daina karɓar kuɗi a hannu. Kowa ya sayi sitika, ya zuba kuɗi a ciki, na'urar da ke saman ƙofa ta karanta, ta cire nata, sanda ta tashi da kanta. Wallahi ban ƙi ba. Na ce ko ba komai an huta da rigimar canji. Na biya 5,000 na sitika, na zuba 3,000.

Takardar da ke cikin ambulan ta ce a manna ta a gilashin gaba, daga ciki, bayan madubi. Na ce wa yaron da ke ofis, "Ƙanena, mashin gare ni, ina zan samo gilashin gaba?" Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. "Yaya, ka manna ko'ina, duk ɗaya ne."

To ba ɗaya ba ne! Na manna a kan tanki, inda ya fi faɗi. Washegari na tsaya a gaban sanda kamar an dasa ni, tirela a bayana tana danna hon, direba yana leƙo kai yana zagin iyayena. Sai wani yaron unguwarmu mai haɗa irin waɗannan ƙofofi ya warware mini. Sitikar ba ta da batir. Siririyar waya ce kwance a cikinta da ɗan ƙwayar ƙwaƙwalwa, kuma daga siginar da na'urar ƙofa ke turowa take samun ƙarfin amsawa. Da zarar ka kwantar da ita a kan ƙarfe, ƙarfen ya kashe ta. Abin da yaron unguwa ya sani, a ce wanda ke sayar da ita bai sani ba? Ko ya sani, bai ga darajar faɗa wa mai mashin ba?

Na zo ɓare ta daga tanki, ta tsage. Ashe haka aka ƙera ta, don kada a cire daga wannan mota a kai wata. Na koma ofis, aka ce laifina ne, in sake biyan 5,000. Na biya, domin kayan mutane na jira na.

Ta biyun ban yarda na manna ba. Na sa a aljihun gaba: wata rana ta karanta, wata rana shiru, saboda jikin mutum ma yana shanye siginar. Baba maigadi, wanda shi kaɗai ne ke jin tausayinmu a wurin, ya ce, "Ɗana, ɗaga ta sama da hannunka." Na ce, "Baba, da wane hannun?" Hagu na kan kulochi, dama na kan totur da birki, ga kwali huɗu na taliya ɗaure a baya sun fi kaina tsawo. Wasu abokan sana'a sun manna a fitilar gaba, kuma ita ce ta fi amsawa tunda ba ƙarfe ba ce. Amma abin da aka yi don zaman cikin mota, ina zai jure ruwan Kaduna da rana da wankin mashin? Ta mutum biyu ta riga ta kumbura ta ɗaye. Wani ya sa a hular kwano, ya rataye hular ya shiga sallah, ya fito babu hula babu sitika, da kuɗinsa a ciki.

Ita kanta sandar ba ta san da mu ba. Wayar da suka binne a ƙasa ƙarfen mota take ji, mashin kuwa ƙarfensa kaɗan ne, don haka sai ta ɗauka babu kowa ta sauko. Ranar Talata ta faɗo a kan kayana, kwalin man gyaɗa ya fashe, ni na biya mai shago. Da ƙeyata ta samu fa? Sannan sau uku ina layi bayan mota, na'ura ta tsallake ta karanta tawa, ta cire kuɗina, ta buɗe wa motar gabana. Da na iso aka ce sai na sake biya. Na nuna musu saƙon cire kuɗi a waya, aka ce "mai gyara zai zo daga Legas". Kwana 12 ke nan yana zuwa.

Mu a garin nan mun san kuɗin ƙofa. Har yau ana kiran wancan wuri na hanyar Abuja da suna Tol Get, duk da cewa tun 2003 gwamnatin Obasanjo ta soke karɓar kuɗin a manyan hanyoyin tarayya. Da aka amince da dawo da tsarin a 2021, gwamnatin tarayya da kanta ta cire babur da keke da Keke Napep daga biya. A Indiya ma, inda sitikar FASTag ta zama dole ga motoci, masu ƙafa biyu wucewa suke a manyan hanyoyin ƙasa. Ni ban ma ce a yafe mini ba. Haraba tasu ce, su karɓi kuɗinsu. Amma in za ku karɓi kuɗin mai mashin, ku kawo abin da aka yi domin mashin. Akwai sitikar da ake ƙerawa musamman don fitila, akwai mai kauri da ke aiki a kan ƙarfe, akwai katin da ake dangwalawa a jikin na'ura. In duk sun yi muku tsada, ku buɗe mana ƙaramar ƙofar gefe da kuka garƙame da kwaɗo, Baba ya ci gaba da yago tikiti.

Mu 23 ne masu mashin da muka sa hannu a takardar koke, kuma ranar Litinin da safe za mu kai wa shugaban 'yan kasuwar harabar. A ciki na rubuta nawa dalla-dalla: 5,000 na sitikar da yaronsu ya sa na lalata, 300 da aka cire mini aka buɗe wa wasu, da kuɗin kwalin man gyaɗa. Rasit ɗin duk suna hannuna, kuma ina son kuɗina.