Windows da Linux a kan tagwayen faifai: dalilin da ya sa nake hana mutane

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, tambayar da ta fi zuwa mini a shagona a nan Yamai ita ce yadda za a zaunar da Windows da Linux a kwamfuta guda, domin da dama daga cikin na'urorin da ke hannunmu ba su da guntun tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 ke nema. Wannan ba ni da ja a kansa, ni ma haka tawa take. Inda nake tsayawa shi ne idan mai tambayar ya ƙara da cewa yana da faifan ajiya biyu, yana son a tagwaita su, wato tsarin RAID 1, wanda duk abin da aka rubuta a ɗaya ake rubuta shi a ɗayan nan take. Amsata ga yawancinsu ita ce kada su yi.

Dole ne a sami mai kula da tagwayen, wanda ya san cewa faifan nan biyu abu ɗaya ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Idan Linux ce ta haɗa su da manhajarta ta mdadm, Windows ba ta san da zancen ba, ɓangarori biyu kawai take gani waɗanda ba ta iya karantawa. Idan kuma Windows ce ta haɗa su ta hanyar Storage Spaces, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, to Linux ce za ta tsaya a bakin ƙofa. Akwai hanya ta uku, wadda ake kunnawa daga saitin babban allon cikin na'urar, wato BIOS, kamar Intel RST, kuma gaskiya ne mdadm tana iya karanta irin wannan haɗin. Sai dai duk wanda ya taɓa girka Ubuntu a kan irin wannan kwamfutar ya san cewa sau da yawa mai girkawar yakan tsaya ya ce sai an kashe RST ɗin tukuna. Katin RAID na musamman yana kawar da rigimar, tunda manhajojin biyu faifai ɗaya za su gani, amma kayan manyan ma'aikatu ne, kuma ranar da katin ya mutu sai an nemo irinsa.

Ɗan ƙanwata, ɗalibi ne, ya yi wa kansa haɗin da mdadm, kuma ya yi shi da kyau. Wata rana yana cikin Windows ya ga wani babban ɓangare marar suna, ya ɗauka fili ne da ba kowa, ya share shi ya zuba bidiyo. Linux ta ci gaba da tashi a kan faifai ɗaya ba tare da ta ɗaga murya ba, domin bai saita ta ta aiko masa da gargaɗi ba, shi kuwa ya yi watanni yana alfahari da tagwayen da babu su. Da ya kawo mini na duba, na ce masa: "Ɗana, tun yaushe rabon da ka leƙa lafiyar faifan nan?" Ya ce, "Kawu, ai na ɗauka shi ke kula da kansa." Allah Ya sa na biyun bai mutu a tsakanin ba.

Akwai kuma abin da ko ƙwararru ke mantawa. Ƙaramin ɓangaren EFI, inda GRUB, mai tayar da Linux, da mai tayar da Windows suke zaune, ba ya shiga cikin tagwaitawar sai an yi masa dabara ta daban. Saboda haka idan faifan farko ya mutu, bayananka suna nan a na biyu, amma kwamfutar ba za ta tashi ba, alhali kuwa tashin nan ba tare da tsaiko ba shi ne dalilin yin RAID 1 tun farko.

Babban abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar tagwaitawa a matsayin kwafin ko-ta-kwana. Idan ka goge kundin digirinka bisa kuskure, an goge shi a faifan biyu a cikin daƙiƙa guda. Idan ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli ta shiga, duka biyun za ta kulle. Idan kuran ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, ko ɓarawo ya ɗauki akwatin gaba ɗaya, ko zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu suka yi aikinsu, faifan biyu a ɗaki ɗaya suke, a kan wayar wuta ɗaya. Ga kuma asarar rabin wuri: ka sayi tera biyu, kana amfani da ɗaya.

Shawarata ita ce a bai wa kowace babbar manhaja faifanta, da ɓangaren EFI nata, har ma a cire ɗaya yayin girka ɗayar don kada su taka juna. Kuɗin da ya rage a sayi faifan waje da ake kwafewa duk mako a ajiye a wani gida, sannan a sayi ondilar mai riƙe wuta. A kashe saitin saurin tashi na Windows, in ba haka ba Linux za ta ƙi rubutu a ɓangaren NTFS, wato mai tsarin fayilolin Windows, da manhajojin biyu suke rabawa, kuma mai BitLocker, wato makullin faifai na Windows, ya rubuta lambobin buɗe shi 48 a takarda kafin ya taɓa komai. Wanda aikinsa ba ya jure tsayawar awa ɗaya, kamar mai riƙe da lissafin kantin magani, shi ya yi RAID 1, amma a na'ura mai manhaja ɗaya.

Masu aiko mini cewa agogonsu yana zamewa da awa ɗaya duk lokacin da suka koma Windows, ba batirin babban allon cikin na'urar ba ne. Linux tana ajiye agogon na'ura a kan UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows tana ɗaukar sa lokacin gida, mu kuwa a Nijar muna gaban UTC da awa guda; layin umarni ɗaya na timedatectl a cikin Linux yana daidaita shi.