"Kusu na fa, ba mutum ba"

Ƙannena 'yan ajin ƙarshe, musamman masu karatun haɗa magunguna, kimiyyar sinadaran jiki da likitancin dabbobi, da ku nake. Lokacin furojet ya zo, kowa na fafutukar neman fararen ɓeraye. Bari in ba ku labarin wani abu da na yi shiru a kansa, wanda har yau yake ci mini rai.

A wata makaranta ne, ba sai na kama suna ba. Wani ɗan garinmu ya yi wa ɓerayensa allurar alloxan don su kamu da ciwon suga, zai gwada ruwan ganyen zogale a kansu. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san ɓera mai suga shan ruwa yake kamar ba gobe, fitsari kuma ba tsayawa. Watan Afrilu ne, ba wuta, fanka a tsaye, shi kuma ya tafi biki tun Alhamis. Ranar Asabar na leƙa duba nawa, na ga kwalabensa sun bushe. Na cika biyu da ke kusa da ni na yi gaba. Ranar Litinin tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. Dusar katakon ta jiƙe sharkaf, huɗu sun mutu, sauran sun cure a lungu, gashi a tsaye, ido a lumshe. Da na yi masa magana sai ya yi dariya: "Kusu na fa, ba mutum ba." Ya sayo wasu huɗu ya cike gurbi, ya ci gaba da rubutu kamar ba a yi komai ba. Ni kuma na ja bakina, wai kada a ce na kai ɗan'uwa ƙara.

To ku ji wanda aka fara kai wa irin wannan ƙara. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shiga wani lambu, wani raƙumi ya gan shi ya yi kuka, idanunsa na zubar da hawaye. Bai wuce ba. Ya shafa shi har ya natsu, ya tambayi mai shi, ya ce masa ya ji tsoron Allah game da dabbar, don ta kawo masa kukan yunwa da wahalar aiki. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle kuwa, tun muna Islamiyya muka haddace shi. Mene ne keji in ba kulle ba? Dabbar da ka kulle, cinta da shanta sun hau wuyanka.

Wanda bai damu da tausayi ba, ya damu da sakamakonsa. Ɗakin ɓerayen gwaji ana son zafinsa tsakanin digiri 20 zuwa 26, mu kuwa a Sakkwato bazara tana haura 40. Ɓeran da ƙishi da zafi suka gigita, sukarin jininsa da nauyinsa duk sun sauya, abin da ka auna ba aikin zogale ba ne. Gobe a buga takardar, jibi mai maganin gargajiya ya ce ai jami'a ta tabbatar, wata tsohuwa ta ajiye maganin asibiti.

Tun 1959 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: in akwai hanyar da ba ta bukatar dabba a bi ta, in babu a rage yawansu, waɗanda aka yi amfani da su a sassauta musu wahala. A kan haka kwamitin ɗa'a, masu ba da izinin gwaji da dabbobi, ke ba ka lambar amincewa. Wannan takarda alkawari ce, ba ado ba ce ga babi na uku na kundin furojet ɗinka.

In ka ga ɓarna, fara da ba da ruwa, maganar ta biyo baya. Sannan ka rubuta rana, lokaci, lambar keji da abin da idonka ya gani, ka ɗauki hoto. Abin da ka gani fa, ba abin da kake zato ba. "Kwalba uku babu ruwa ƙarfe huɗu na yamma" magana ce da za a iya bincika. "Wane mugu ne" zagi ne. Ka sami mai dabbobin ku biyu tukuna, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ya ƙi, ga mai kula da ɗakin, ga sufabaiza, ga shugaban sashe, ga kwamitin da ya ba da izini. In shakka kake ko dabbar na shan wahala, a nan garin akwai tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta na koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba za ka rasa wanda za ka tambaya ba. Amma don Allah kada ka fara da Facebook ko guruf ɗin aji. Hoto ɗaya ba ya nuna abin da aka amince a yi, kuma mutuncin da ka zubar ba ya kwasuwa.

Na san abin da ke tsorata ku: makinku na hannun wanda za ku kai ƙara. Tsoron gaskiya ne, ban raina shi ba. Shi ya sa malamanmu, da girmamawa nake cewa, a sakaya sunan ɗalibin da ya kawo koke. A sa likitan dabbobi ya duba su a ranar, a gwada abin da aka yi da abin da ke takardar izini, a ji ta bakin wanda ake zargi. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: sau da yawa za a tarar makulli na hannun mutum ɗaya da ba ya zuwa Asabar da Lahadi, ko famfo ya yi mako ba ruwa.

Ɗan garin namu ya gama lafiya, kundinsa na nan a kan kanta da bango mai kyau. A jadawalinsa akwai ɓeraye huɗu da aka rubuta sun yi kwana 28 suna shan zogale, ni na san ba su kai rabin haka ba.