Wa ke koya wa sabon wakilin kotu bambancin sallama da wankewa?

Ranar 12 ga Janairun 2024, lokacin da Kotun Ƙoli a Abuja ta tabbatar wa Caleb Mutfwang kujerar gwamnan Filato, ta kuma tabbatar wa Abba Kabir Yusuf ta Kano, mutanen da suka ji hukuncin daga bakin alƙalai ba su wuce cikin ɗaki guda ba. Sauran jama'a, daga Tudun Wada a Jos har Fagge a Kano, daga bakin wakilin rediyo ko rubutun Facebook suka ji. A wurin mai sauraron Hausa, abin da wakili ya ce kotu ta faɗa shi ne abin da kotu ta faɗa. Wannan nauyi ne babba, kuma mun saba ɗora shi a kan yaron da jiya-jiya ya gama bautar ƙasa, edita ya ce masa, "Je ka kotu ka samo mana labari."

Ni ma haka aka tura ni. A watannin farko na aika rahoto cewa wata kotu ta wanke wani mutum daga tuhumar zamba. Washegari wani dattijon wakili da muke zama benci ɗaya ya ja ni gefe. "Ɗana, wa ya ce maka an wanke shi?" Na ce, "Baba, ai a gabana ya fita yana murna." Ya ce alƙali sallamarsa ya yi saboda mai gabatar da ƙara ya daina zuwa, kuma gobe ma ana iya sake gurfanar da shi. Wanda aka wanke shi ne wanda kotu ta duba hujjoji ta ce ba a tabbatar da laifi a kansa ba, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a sake yi masa shari'a kan wannan laifin sai da umarnin kotu ta sama. Babu malamin da ya koya mini wannan a aji. A bakin ƙofar kotu na koya, ina jin kunya.

Irin waɗannan ramukan suna da yawa, kuma a Hausa sun fi zurfi. Turancin kotu ya raba ƙarar da aka cire daga jerin shari'u, wadda mai ita zai iya gyarawa ya dawo da ita, da ƙarar da aka saurara aka ce ba ta da tushe. Mu kuwa duka biyun sai mu ce "kotu ta yi watsi" ko "kotu ta kori ƙara", yadda bakin mutum ya ɗauko. Wanda aka tura gidan gyaran hali ya jira shari'a, sai ka ji an ce "an ɗaure shi". Wanda ake tuhuma ya zama "ɓarawo" tun kafin shaida ta farko ta buɗe baki, alhali wannan sashe na 36 ya ce mara laifi ne har sai an tabbatar. Ga kuma maganar yara, waɗanda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a fallasa sunansu idan ana yi musu shari'a. Mutumin da aka kira ɓarawo a rediyo da safe, ko kotu ta wanke shi bayan shekara uku, a unguwarsu sunan ya riga ya zauna.

Saboda haka nake ganin ƙungiyar sana'a a wannan fage ba ado ba ce. Muna da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Najeriya, NUJ, tun 1955, akwai kuma NAJUC ta wakilan da ke bin harkokin shari'a, mai reshe a Abuja. Amfaninsu na farko a bayyane yake: idan aka hana 'yan jarida shiga zauren kotu, ko jami'in tsaro ya ƙwace wayar wani, muryar mutum ɗaya ba ta kai ko'ina, ta ƙungiya kuwa tana isa ofishin babban magatakarda. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Amma amfanin da ya fi wannan, wanda ba a cika tallata shi ba, shi ne a haɗa sabo da tsoho. Tsohon wakili ya san inda ake liƙa jerin shari'un rana, ya san yadda ake neman kwafin hukunci mai hatimi, ya san cewa abin da lauya ya faɗa wa kyamara a harabar kotu ba lallai ne ya zama abin da ya faru a ciki ba. Lauyan da ya sha kaye ma yana iya fitowa yana murmushi ya ce nasara ce.

A tuna abin da ya faru a Nuwamban 2023. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncin da ya tsige gwamnan Kano, sai ga kwafin hukuncin ya fito da wani sakin layi da ke nuna akasin haka. Kotun ta ce tuntuɓen alƙalami ne. Kwanaki aka yi ana ka-ce-na-ce. A irin wannan rana ake gane wakilin da ya zauna ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ya kuma karanta takardar daga farko har ƙarshe, da wanda ya kwafi hoton shafi ɗaya daga WhatsApp ya ɗora kanun labari. Haƙurin zama ba a littafi ake samunsa ba. Hukuncin zaɓen shugaban ƙasa na 6 ga Satumban 2023 sai da aka shafe sama da awa 12 ana karanta shi.

Na san abin da masu suka za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Wasu ƙungiyoyin wakilai a ƙasar nan sun koma wurin rabon ambulan na kuɗi. Wasu sun zama katanga: tsofaffi sun tare ƙofa, sabon shiga sai ya yi ta gaisuwa kafin a sa shi a zauren WhatsApp. Akwai kuma ɗabi'ar mutum ɗaya ya rubuta labari, goma su kwafa, har kuskurensa ya bayyana a jaridu goma. Idan dattijon da aka haɗa ka da shi wannan zai koya maka, gara ka zauna kai kaɗai da littafin dokarka. Sai dai barin yara su watse kowa da wayarsa bai hana ambulan yawo ba. Ya dai rage wanda zai tsawata.

Abin da nake so in gani ba ya cin kuɗi mai yawa. Duk sabon wakili a ba shi babba guda da zai duba rahotonsa na watannin farko kafin ya tafi ɗakin labarai. Sannan wakilan kafofin Hausa na Abuja da Jos da Kaduna da Kano su zauna da lauyoyi da tafintocin kotu da malaman Hausa na jami'o'i, su tsayar da kalma guda ga kowane mataki na shari'a, a buga ɗan littafi a raba. Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1991, tana nan Abuja, tana da ɗakunan taro. Kotunan shari'ar Musulunci kuwa sun daɗe suna aiki da kalmomi irin su da'awa, iƙirari, izari da rantsuwa, waɗanda tsofaffin alƙalanmu suka san iyakar kowacce, don haka ba daga sifili za a fara ba.