Mari ba ya goge abin da ƙwaƙwalwa ta koya

Shekara uku ke nan ina tare da ɗan yayata a fafutukar rabuwa da kodin da tiramol a nan Katsina, kuma babu maganar da ke ci mini rai kamar ta masu cewa, "Ai da ya so bari, da tuni ya bari." Masu faɗin haka ba su taɓa kwana kusa da shi ba a daren da jikinsa ke karkarwa, gumi na tsiyaya, yana kuka yana rantsuwa da Allah cewa ya gaji.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin dofamin, wanda ke tashi idan mutum ya samu abin da rayuwa ke buƙata, kamar ruwa a lokacin buɗa-baki, ya sa ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa wannan abu ya cancanci a sake nemansa. Tun a 1954, James Olds da Peter Milner suka nuna a Jami'ar McGill ta Kanada cewa ɓeran da aka ba shi damar taɓa sashen ƙwaƙwalwarsa mai alaƙa da wannan sinadari da ƙaramar wutar lantarki zai yi ta danna maɓallin wutar ba ƙaƙƙautawa. Ƙwaya ma a wannan sashe take sauka, da ƙarfin da ya zarce na abinci ko hira da masoyi. Idan abin ya ɗore, sai ƙwaƙwalwa ta rage wuraren karɓar dofamin ɗin, daga nan tuwo ya daina daɗi, ƙwallo ta daina burgewa, yaro ya koma yana sha don kawai ya ji shi daidai.

Abin da iyaye suka fi rashin sani shi ne ɓangaren koyo. Binciken Wolfram Schultz a kan birai ya nuna cewa bayan an saba, dofamin kan fara tashi tun daga ganin alamar da ke nuna abin yana tafe. Na ga wannan da idona. Wata huɗu yaron nan bai sha komai ba, sai na goyo shi a babur muka bi ta lungun tsohuwar majalisarsu, ya hango kwalbar maganin tari a cikin kwata. Na ji yatsunsa sun damƙe kafaɗata, ya ce da ni a hankali, "Kawu, don Allah mu canza hanya."

Birkin da ya kamata ya tsayar da wannan sha'awa yana gaban ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi, kuma ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi kuwa yana ɗan 16 ya fara, wato ƙwayar ta raunana birkin tun kafin ya yi ƙwari. Ba wanke shi nake yi ba, domin da ƙafarsa ya je wurin, kuma ya san ya saɓa wa Allah ya kuma cutar da mahaifiyarsa.

Shi ya sa ban yarda da gidan mari ba. Kowa ya tuna abin da aka gano a Daura da Katsina a watan Oktoban 2019, samari ɗaure da sarƙa, jiki duk tabo. Sarƙa tana hana hannu kaiwa ga kwalba, amma ranar da aka kwance ta, lungun yana nan, abokan suna nan, kuma ƙwaƙwalwa ba ta manta komai ba. Hana sarrafa maganin tari mai kodin da gwamnati ta yi a 2018 ya dace, sai dai bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba.

Mu dai likitan ƙwaƙwalwa muka kai shi, muka raba shi da unguwar, muka sa shi koyon ɗinki. Sau biyu ya koma ruwa, sau biyu muka sake mayar da shi asibiti. Har yanzu idan zai je shago, ya gwammace ya zagaya ta Ƙofar Ƙaura, ko da tafiyar za ta ninka, da ya bi ta lungun nan.