Ƙudan zuma ba sa jiran sarauniya ta zaɓa musu gida

Duk lokacin da aka ce dimokuraɗiyya ta shiga haɗari a wata ƙasa, tambayar da za ka ji a bakin mutane ita ce ina kotu, ina majalisa, ina jagoran 'yan adawa, wasu har su ce ina Majalisar Ɗinkin Duniya. Kowa ya ɗaga kai sama yana jiran wani babba ya zo ceto. Ni kam na daɗe da gamsuwa cewa ƙasa ya kamata a duba, wajen talakawa da ƙananan ƙungiyoyinsu, domin mai son murɗe mulki ai da manyan yake farawa, ya naɗa alƙalansa, ya saye 'yan majalisa, ya ɗaure jagoran adawa ko ya kora shi gudun hijira, kuma in ya samu dama wannan duk ba ya ɗaukar masa lokaci. Abin da ke hana shi barci shi ne dubban mutanen da suka san juna, suka saba aiki tare, ba su da wani ofis guda ɗaya balle a je a garƙame. Halittun Allah da ke daji sun daɗe suna nuna yadda irin wannan tsarin ke aiki, mu ne dai ba mu tsaya mun lura ba.

A duba ƙudan zuma. Idan amya ta cika ta batse, sai wani kaso, kamar guda 10,000, su fice tare da tsohuwar sarauniya su dunƙule a jikin reshen bishiya, ba gida ba rumbu, zumar da suka sha kafin fitowa kuma ta 'yan kwanaki ce. Dole su zaɓi sabon mazauni, in suka yi zaɓen tumun dare kuwa dukkansu ne za su halaka. Wani Bajamushe mai suna Martin Lindauer ne ya fara gano yadda suke yi, a birnin Munich bayan yaƙin duniya na biyu, da ya lura wasu daga cikinsu na rawa a kan dunƙulen alhali jikinsu duk kunkunniya da jar ƙurar bulo, ashe ramukan gine-ginen da bama-bamai suka rusa suke shiga suna dubawa. Daga baya Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka ya kwashe shekaru masu yawa yana bin diddigin lamarin.

Abin da suka gano shi ne sarauniya ba ta da ta cewa a wannan shawara, tana can tsakiyar dunƙule ana kare ta. 'Yan ɗaruruwa ne daga cikin tsofaffin ma'aikata ke fita leƙe. Wadda ta samu kogon bishiya sai ta shiga ta zagaye cikinsa da ƙafa ta san girmansa, ta duba ƙofar ko ƙarama ce wadda za a iya tsarewa, sannan ta dawo ta yi wata rawa mai nuna inda wurin yake da nisansa, in wurin mai kyau ne rawar ta yi tsawo, in dama-dama ne ta taƙaita. To ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina: wadda ta ga rawar ba ta kama rawa don kawai ta ga 'yar uwarta na yi. Tashi take ta je wurin da kanta, gani ya kori ji, in ya gamsar da ita sannan ta dawo ta goyi baya. Kuma ko wacce, komai son da take wa wurin da ta gano, duk zuwa da dawowar da za ta yi rawarta raguwa take har ta yi shiru ta bar wa sababbin zuwa fili. Da haka wuri mafi kyau yake rinjaye ba tare da wani ya ba da umarni ba.

Mutane sun taɓa yin kwatankwacin wannan a ƙasar Filifin. A ranar 7 ga Fabrairun 1986 shugaban ƙasar, Ferdinand Marcos, ya yi zaɓen gaggawa yana da tabbacin hukumar zaɓe a aljihunsa take. Sai wata ƙungiyar sa kai mai suna NAMFREL ta tura mutane kusan 500,000 rumfunan zaɓe, malaman makaranta, ɗalibai, 'yan kasuwa, matan coci, wasu har rungume akwatin zaɓe suka riƙa yi don kar a sace. Kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani a rumfarsa, aka tattara, lissafinsu ya nuna 'yar takarar adawa Corazon Aquino ce a gaba alhali na gwamnati na cewa Marcos. Bayan kwana biyu ma'aikatan kwamfuta kimanin 30 na ita kanta hukumar zaɓen suka miƙe suka fice daga zauren tattara sakamako don sun ga ana sauya alƙaluma. Ranar 25 ga watan Marcos ya tsere daga fadar mulki. Tabbas akwai rawar da limaman coci da wasu sojoji suka taka, amma hujjar da kowa ya dogara da ita daga hannun waɗancan masu tsayuwa a rumfa ta fito, don ba jita-jita suka kawo ba, alƙaluma suka kawo.

Kar kuma wani ya ɗauka ina cewa duk inda taro ya cika to gaskiya na nan. Dajin da ya ba mu ƙudan zuma shi ne ya ba mu wani irin kwarkwasa na Kudancin Amurka wanda kusan makafi ne, ko wanne warin na gabansa yake bi. In sahun ya rikice na gaba ya faɗa kan sawun na baya, sai su kama zagaye wuri ɗaya har gajiya ta kashe su. Masanin halittu William Beebe ya ba da labarin irin wannan da'irar a 1921 a dajin Guyana, kewayenta ya kai kusan mita 370, ko wace ƙwara sai ta yi awa biyu da rabi kafin ta zagayo. Wallahi duk sanda na ga yadda ake tura saƙo daga guruf zuwa guruf a WhatsApp ba wanda ya tsaya ya tambayi tushensa, waɗannan ƙwarin nake tunawa. Waɗanda suka afka wa majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairun 2021, da waɗanda suka farfasa majalisa da kotun ƙoli da fadar shugaban Brazil ranar 8 ga Janairun 2023, ai su ma yawancinsu gama-garin mutane ne, kuma a ransu dimokuraɗiyya suke karewa. An ce musu an yi maguɗi, ba su je sun gani ba, suka bi na gaba.

Darasi na biyu a ƙarƙashin ƙasa yake. Ranar 18 ga Mayun 1980 dutsen Saint Helens da ke jihar Washington a Amurka ya yi aman wuta, ya kwantar da daji mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, komai ya koma toka. Masana sun zaci sai dai iska da tsuntsaye su kawo iri daga nesa kafin wani abu ya sake tsirowa. Amma cikin 'yan makonni sai ga tsirrai na fasa toka suna fitowa daga saiwoyin da wutar ba ta kai gare su ba, ga wasu ƙananan dabbobi masu haƙa rami da suka tsira a ƙarƙashin ƙasa suna tono suna cakuɗa tokar da tsohuwar ƙasa mai albarka. Farfaɗowar wurare da yawa daga abin da ke binne tun kafin bala'in ta faro.

Haka aka yi a Poland. Ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta taso a 1980 daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk ƙarƙashin Lech Walesa, wanda mai gyaran lantarki ne, mambobinta suka kai kusan miliyan 10. Ranar 13 ga Disamban 1981 Janar Jaruzelski ya kafa dokar soja, aka tsare dubban shugabanninta, daga baya aka haramta ta. In da kanta a wuri ɗaya yake da shi ke nan an gama da ita. Amma a masana'antu da unguwanni mutane suka ci gaba da haɗuwa a ɓoye, suna buga jaridu a ɗakunan kwana, suna karo-karo don iyalan waɗanda aka ɗaure, shekara bayan shekara ba kyamara ba tafi. Da aka yi zaɓen Yunin 1989 sai suka lashe kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa. A kwatanta da Masar, inda matasa suka cika dandalin Tahrir a 2011 suka kawar da Hosni Mubarak cikin kwana 18, jarumtar da ba mai musu a kai, sai dai da ƙura ta lafa waɗanda ke da tsari har cikin ƙauyuka, wato 'Yan Uwa Musulmi da kuma sojoji, su ne suka rage a fili, kuma a Yulin 2013 sojoji suka karɓe abinsu.

Wangari Maathai ta Kenya ta fi kowa gane wannan, don ita bishiyar ma ta gaske ta dasa. A 1977 ta kafa ƙungiyar Green Belt, matan karkara na renon dashe suna shukawa don samun itacen girki da hana zaizayar ƙasa. Amma mata in suka zauna kan maganar me ya sa rafi ya ƙafe, dole zancen ya kai ga wa ya sayar da dajin, wa ya sa hannu. A 1989 ta tsaya kai da fata kan shirin gwamnatin Daniel arap Moi na gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru da ke Nairobi, aka zage ta a majalisa, daga baya ta sha duka da kamu, ginin dai bai yiwu ba. A 2004 ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Na san wani zai ce ai ƙudan zuma 'yan uwa ɗaya ne masu buƙata ɗaya, mu kuwa addini daban, ƙabila daban, ga masu kuɗin da ke sayen ra'ayi, kuma a dajin nan dai babba ke cin ƙarami, azzalumai ma sun sha kafa hujja da hakan. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce daji ne zai koya mana adalci ba, wannan aikin imani ne da hankali. Abin da ake ɗauka a can shi ne dabarar yadda marasa ƙarfi da yawa ke yanke shawara mai kyau, da yadda suke tsira in an sare su.

Alƙaluma ma sun goyi bayan haka. Masu bincike biyu, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun nazarci gwagwarmaya 323 tsakanin 1900 da 2006, suka samu na lumana sun yi nasara da kashi 53 cikin 100, na makami kuwa kashi 26, babban dalili kuma shi ne ta lumana kowa na iya shiga, tsoho da mace da ma'aikaci. Sai dai ita Chenoweth ɗin ta nuna cewa daga 2010 zuwa yanzu nasarar na raguwa, kuma cikin dalilan da ta kawo akwai yadda ake dogaro da zanga-zangar titi da kiran taro ta intanet ana barin aikin gina ƙungiya. Wannan aikin fa ba shi da armashi, zaman mitin ne na mutum 15 ana gardama kan kuɗin kati da wanda zai riƙe rajista, ana zaɓen shugaba ana sauke shi in wa'adinsa ya cika ko da yana da kirki. Kafin zaɓe na gaba a duk inda kake, ka tambayi ƙungiyarku ta sana'a ko ta unguwa wa zai tsaya a rumfar zaɓe har a gama ƙirga, wa zai ɗauki hoton takardar sakamako, wa za a kira in an kama shi, sannan wa zai hau gurbinsa.