Wa zai ba mara lafiya ruwa? Nasiha daga annobar shekara ta 749

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa maza da mata.

Akwai hadisin da kusan kowa ya haddace a zamanin korona, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah (SAW) ya ce idan kuka ji annoba ta sauka a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta sauka kuna ciki kada ku fita don gudunta. Da yawanmu mun fahimce shi a matsayin dokar killacewa, kuma fahimtar daidai ce. Amma akwai wata fuska ta hadisin da ba a cika magana a kanta ba. Imam Gazali ya yi bayanin cewa da za a bar masu lafiya su gudu, babu wanda zai rage a gari sai waɗanda cuta ta kwantar, ba mai ba su ruwa, ba mai ba su abinci, sai rashin kulawa ya ƙarasa wanda cutar ba ta kashe ba. Wannan bayanin ne ya mayar da ni kan shekara ta 749 bayan Hijira, wato 1348 zuwa 1349.

Cutar ɗa'un ce. Tana bayyana da kaluluwa a hammata ko matsematsi ko wuya, ga zazzaɓi mai zafi, idan kuma ta kama huhu mutum ya riƙa tofar da jini, cikin kwana biyu ko uku a kai shi makwanci. Ta bi hanyar fatake. Daga tashar Kaffa da ke bakin Baƙin Teku jiragen 'yan kasuwa suka ɗauko ta, a 1347 ta sauka Iskandariyya ta Masar, a watan Oktoba na shekarar ta sauka Messina a tsibirin Sisili. A 1348 ta mamaye Alƙahira da Gaza da Dimashƙa da Halab da Tunis, daga baya ta isa Makka. Mutanen lokacin sun fi zargin gurɓacewar iska. Sai a 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, daga nan aka gane cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta sa wa mutum. Ƙuma, 'yan'uwa. Abin da ake murƙushewa da farce, shi Allah Ya sa ya zama sanadin mutuwar kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ko ma fiye, kuma Masar da Sham ba su fi su sauƙi ba.

Malamin tarihin Masar, Maƙrizi, ya kawo yadda Alƙahira ta koma. Makara ta yi ƙaranci har ana ɗaukar gawa biyu ko uku a kan allo ɗaya. An daina kiran salla a masallatai da yawa saboda ladanai sun rasu. Gado kan bi hannun magada ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci, wannan bai gama karɓa ba ya bi mamacin. A ƙauyuka amfanin gona ya nuna babu mai girbi, har sojojin da ke riƙe da gonaki suka fita suna shela cewa duk wanda ya girba ya ɗauki rabi, ba su samu ba. Ƙasar da rayuwarta ta dogara ga gyaran madatsu da magudanan kogin Nilu ta rasa hannayen gyara, kuma da yake annobar ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru, noman Masar ya daɗe bai farfaɗo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin shi ne yadda mutanen gari ɗaya suka rabu biyu. Wasu suka ga kasuwa ta buɗe. Suka bar sana'o'insu suka koma karatu a gaban gawa don kuɗi, ko ɗaukar makara, ko haƙa kabari. Mai ɗaukar makara na karɓar dirhami 6, mai haƙa kabari na karɓar dirhami 50, kuma Maƙrizi ya ce mafi yawansu ba su ci moriyar kuɗin ba, mutuwa ta riske su. Wasu kuwa, a cikin unguwannin nan dai, suka haɗa makara da allunan wanka suka ajiye sadaka, ba ko sisi. Manyan hakimai biyu, Shaikhu da Mugulɗai, suka ɗauki nauyin wanke mutane da yi musu likkafani da binne su. Dukansu sun shaƙi iska ɗaya, sun taɓa gawa iri ɗaya, da yawansu sun mutu a wata ɗaya. Ban san yadda kowa ya cika ba, Allah ne Masani, amma na san ɓangaren da nake roƙon Allah Ya same ni a ciki.

Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan da bayan 'yan shekaru ya ratsa Takedda a ƙasar Nijar ta yau, yana Dimashƙa a watan Yuli na 1348. Ya ce gwamnan birnin ya umarci a yi azumin kwana uku, aka hana dafa abinci a kasuwa da rana. Daren Juma'a mutane suka kwana a babban masallaci, da asuba suka fita ba takalmi, Alƙur'ani a hannu, Yahudawa da Attaurarsu, Kiristoci da Linjilarsu, mata da yara, kowa na kuka, har zuwa masallacin Aƙdam. A watan Fabrairu na 1349 kuwa, a birnin Strasbourg na Turai, ɗaruruwan Yahudawa aka ƙona bisa ƙazafin cewa su suka zuba guba a rijiyoyi. Tsoro ɗaya ne, amma a can sai da ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Kada mu yi saurin yabon kanmu a nan. Mu ma idan yara suka fara mutuwa a unguwa, sau nawa ake nuna wata tsohuwa da yatsa a ce mayya ce?

Gaskiya ta sa in ƙara da cewa Hafiz Ibn Hajar bai goyi bayan fita taron jama'a don annoba ba. Ya ce a Alƙahira a shekara ta 833 bayan Hijira masu mutuwa ba su kai 40 a rana ba, aka yi azumi aka fita sahara aka taru, kafin watan ya ƙare suka haura 1,000. Kuma ba daga nesa yake magana ba, don annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata uku. Ya ga addu'ar neman ɗauke annoba ta halatta, amma bai ga hujjar cunkoso ba. Tsayawa da mara lafiya ba ganganci ba ne. Sayyidina Umar (RA) ya juya daga Sarga bai shiga Sham ba lokacin annobar Amwas, da aka ce ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abu Ubaida (RA) da yake cikinta ya zauna tare da rundunarsa har ya rasu a can. Babu wanda ya saɓa wa hadisin a cikinsu.

To mu fa? Allah Ya kiyaye mu da irin wannan annoba, yau ma tana da magani idan aka kama ta da wuri. Amma muna da amai da gudawa duk damina, muna da sanƙarau duk bazara, muna da mai tarin fuka da aka ware masa kwano da ɗaki, sannan aka ware shi daga zuciya. Ware ɗaki daidai ne, likita ne ya ce a yi. Amma wane likita ya ce kada a tsaya daga bakin ƙofa a ce masa "sannu, ya jiki"? Wa ya ce kada a kai masa kunu, kada a raka shi karɓar magani, kada a duba yaransa? Kai mai shagon magani da ka ninka kuɗin ruwan drip ranar da ka ji kwalara ta shigo unguwa, ka tuna mai haƙa kabarin Alƙahira da dirhaminsa 50. Ke 'yar'uwa da kishiyarki ke kwance kina jin nishinta ta bango, ki wanke hannu da sabulu, ki rufe hanci, ki shiga.

Nana A'isha (RA) ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da ɗa'un, ya gaya mata cewa duk bawan da ya zauna a garinsa yana mai haƙuri, yana neman lada, yana sane cewa babu abin da zai same shi sai abin da Allah Ya rubuta masa, yana da lada irin na shahidi. Malamin Halab, Ibn Wardi, yana cikin waɗanda suka zauna. Ya rubuta labarin annobar tun tana kan ci, kuma ita ce ta ɗauke shi a 1349.

Allah Ya jiƙansa. Allah Ya jiƙan masu wankan gawar Alƙahira da ba su karɓi komai ba, waɗanda ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi.